Sauyin makamashi a Bauchi: Ina makomar waɗanda ba su cikin rajista?

Daga kasuwar Wunti zuwa ta Muda Lawal, mutane da dama a birnin Bauchi da fetur da dizal suke cin abinci: makanikai, masu gyaran janareta, masu zuba mai a gidajen mai, 'yan bumburutu. Kusan dukkansu ba su da takardar ɗaukar aiki, balle fansho. Su ne kuma sauyin makamashi zai fara taɓawa.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Najeriya ta yi alƙawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya kawarwa nan da 2060, kuma a shekarar aka sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi. Shirin sauyin makamashi da aka ƙaddamar a Agustan 2022 ya yi hasashen samar da ayyuka har 340,000 nan da 2030. Bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnati ta karkata ga mayar da motoci su koma amfani da iskar gas ta CNG, yayin da masu hali ke jingine janareta suna kafa sola.

Sai dai alƙaluman sababbin ayyuka ba su faɗi wanda zai same su ba. Makanikin da ya shekara ashirin yana gyaran kafireto ba zai wayi gari ya iya ɗora tukunyar gas ba, sai an koya masa, an ba shi shaida da kayan aiki.

Bauchi ta taɓa ganin irin wannan. Kamfanin Steyr, wanda aka kafa a shekarun 1970 tare da abokan hulɗa daga Ostiriya, ya harhaɗa manyan motoci da taraktoci, ya kuma horar da ƙwararru. Da harkarsa ta durƙushe, gwanintar ta watse tare da masu ita.

Wuraren horarwa kuwa akwai su: Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da ta Tatari Ali. Abin da ya rage shi ne sanin waɗanda za a horar. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2015 sun tanadi a zauna da ma'aikata tun kafin a yanke shawara, kuma a Bauchi hanyar kai wa gare su ita ce ƙungiyoyin makanikai, direbobi da 'yan kasuwa.

A nan nauyi ya hau kan jami'an da ke tsara kasafi da takardun manufofi a Abuja. Idan aka ƙidaya motocin da aka sauya, aka manta da ƙidayar masu gyaransu, waɗanda suka fi kowa rashin madogara ne za su biya kuɗin sauyin.