Gyaran Injin Huda Ƙarfe Domin Hannun Dattawan Ma'aikata

A wuraren sana'a na ƙasar nan, tun daga Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano har zuwa Nnewi, akwai dattawa da yawa da suka shafe shekaru suna aiki da injin huda ƙarfe na tsaye. Su ne taskar sanin sana'a, kuma a hannunsu yara ke koyo. To amma ƙarfin damƙar hannun mutum yakan ragu da shekaru, amosanin gaɓɓai kuma yakan kama yatsu, musamman gindin babban yatsa. Wannan ya sa wasu gwanaye ke ajiye aiki tun lokaci bai yi ba. Sau da yawa abin da ake bukata shi ne a gyara wuraren da hannu ke kamawa a jikin injin, kuma gyaran ba ya cin kuɗi.

Dalilin wahalar

Abubuwa biyu ne ke gajiyar da hannu: sirantar mariƙi da gajartarsa. Siririn mariƙi yakan tilasta wa yatsu su dunƙule ƙwarai, nauyin aikin ya taru a kan gaɓɓai. Mariƙi mai kaurin santimita 3 zuwa 4 yakan cika tafin hannu, nauyin ya rarrabu. Game da tsawo kuwa, ƙa'ida ce sananniya cewa idan aka ninka tsawon mariƙi, rabin ƙarfin da ake sawa a da ya isa a juya abu.

Mabuɗin bakin inji

Wannan ɗan mabuɗi da ake ɗaure ƙusar huda da shi ya fi kome cutar da yatsu, domin sandarsa gajera ce siririya. Ana iya zura ta cikin katako da aka fafe, ko guntun bututu da aka lulluɓe da roba, tsawonsa kamar santimita 12. Kada a wuce kima wajen tsawo, don kada a karya haƙoran mabuɗin. Bakin injin yana da ramuka uku. Idan aka ɗaure kaɗan-kaɗan a kowane rami, ƙusar za ta kamu sosai ba tare da an yi kokawa da rami ɗaya ba.

Hannun saukar da ƙusa

Ƙananan ƙwallayen da ke kan sandunan nan uku sukan nutse cikin tafin hannu. Yawancinsu kwancewa suke yi, don haka kafinta na iya sassaƙa wasu na katako masu girman ƙwan kaza a ɗaura a madadinsu. Robar kan keke ma tana yi, in an zura ta ta kama gam.

Maɗaurin tebur da bayis

Ɗan hannun da ke ɗaure teburin inji yakan cije saboda tsatsa. A goge ginshiƙin, a ɗiga mai a zaren ƙusar, a kuma sanya wa hannun guntun bututu. Abin da za a huda kuwa, tilas a matse shi a bayis, a ɗaure bayis ɗin a kan tebur. Idan ƙusa ta maƙale lokacin da take ɓullowa, ƙarfen yakan juya da ƙarfi ya yanke yatsu. Ko hannun saurayi ba ya iya tsayar da shi, balle na dattijo.

Kaifin ƙusa

Dakusasshiyar ƙusa tana bukatar danni mai yawa. A riƙa wasa ta, a ɗiga mai lokacin huda ƙarfe, a rage gudun inji idan ramin babba ne. Haka nan a fara huda ƙaramin rami kafin a sa babbar ƙusa.

Gargaɗi

Kada a bar mabuɗi a bakin inji. Wanda aka ƙara wa girma ya fi haɗari idan inji ya wurgo shi, saboda haka a shafa masa jan fenti, a ajiye shi a kan maganaɗisu a gefen inji. Kada a sa safar hannu don rage ciwo, domin ƙusa mai juyawa tana iya kama ta ta ja hannun ciki. Haka kuma babbar riga da hannun riga mai faɗi. A kashe inji daga soket kafin kowane gyara, kuma kada a cire murfin bel, gama Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari.

Wanda yatsunsa ke kumbura ko suke mutuwa, sai ya je asibiti, kada ya dogara da gyaran mariƙi kaɗai. Ana kira ga masu wuraren sana'a da ƙungiyoyinsu da su duba injunansu, su tambayi dattawan da ke aiki da su inda ke yi musu ciwo, sannan su gyara. Yini ɗaya ya isa wannan aiki, amfaninsa kuwa shi ne gwani ya ƙara shekaru a bakin injinsa yana koyar da na baya.