YADDA ZA A JAWO HANKALIN JAMA'A GA MASU KWANA A WAJE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Amma bayan haka:

Ya 'yan'uwana malamai da limamai da masu unguwanni, da duk wanda Allah Ya ba bakin da a ke saurara, ina so mu yi shawara a kan bayin Allah da dare ke riska ba su da makwanci. Duk mai fita masallaci da asuba cikin hunturu ya san su. Ga su nan a rumfunan kasuwa da bakin tasha da ƙarƙashin gada, wani ya shimfiɗa kwali, wani ya lulluɓa da buhu. Cikinsu akwai 'yan dako da 'yan cirani, da waɗanda suka gudo wa 'yan bindiga, da masu taɓin hankali, da almajirai waɗanda nauyinsu ke wuyan irina. Kowa na gani, amma kaɗan ke motsi, kuma a ganina rabin laifin na harshenmu ne, mu masu magana.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Wata shekara sanyi ya tsananta, aka wayi gari wani ɗan dako mai kwana a rumfa kusa da makarantata ya sandare, da ƙyar aka ceto shi da wuta da kunu. Da dare na zauna karatu na yi ta yi wa mutanen unguwa faɗa, na kira su marowata, na tsoratad da su da azaba. Suka sunkuyad da kai, aka shafa fatiha aka watse, ba wanda ya ba da ko tabarma. Kashegari wani dattijo mai sayad da itace ya ce mini, "Allah gafarta malam, ka gaya mana laifinmu, amma ba ka gaya mana aikinmu ba." Tun ran nan na ke bibiyar wannan magana, ga abin da na fahimta.

Na farko, kada mai magana ya ɗora laifi bisa wanda ke kwance a waje. Kadan ka ce malalata ne ko mashaya, to, ka ba mai sauraro hujjar rufe ƙofarsa. Ruwa ba ya tsami banza. A tuna wa jama'a abin da ya auku a Maiduguri cikin Satumba 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari cikin dare, attajiri da malami da ma'aikaci suka wayi gari bakin hanya da tufafin jikinsu kaɗai. Haka tsadar haya da ciwo da gobara da mutuwar maigida su kan taru wa mutum har su fid da shi. In mai ji ya gane tsakaninsa da rumfar kasuwa ƙaddara guda ce, zuciyarsa ta yi taushi.

Na biyu, kada a kashe wa mutane gwiwa da cewa abin ya fi ƙarfin kowa, gama wanda ya fid da rai ba ya ɗaga hannu. A ba su labarin inda aka gwada aka ci nasara. A ƙasar Finlan, can arewacin Turai inda sanyi ke kisa, an ƙidaya marasa gida sama da 18,000 a shekara ta 1987. A 2008 hukumarsu ta tsayad da hanya guda, watau a fara ba mutum ɗaki nasa da makulli, ba tare da sharaɗin sai ya sami aiki ko ya bar maye ba, sa'an nan a bi shi da magani da neman sana'a. Manyan ɗakunan kwanan taro aka mai da su gidajen haya. Ya zuwa 2022 marasa gida ba su kai 4,000 ba. Da aka rage taimakon haya, adadin ya ɗan hau a 2024, domin gona in an bar nome sai ciyawa ta komo. Hikimar a fili ta ke: wanda bai yi barci ba, ba shi da inda zai aje kayansa, yaya zai riƙe aiki?

Na uku, a tuna wa mutane halin kakanninsu. Zaure a gidan Bahaushe masaukin baƙo ne, kuma fataken goro da suka bi hanyar Gwanja ba su kwana a sarari in sun isa zango, fatoma ke saukad da su. Har a zamanin nan, sa'ad da rikicin Boko Haram ya koro mutane zuwa Maiduguri a 2014, mafi yawansu a gidajen jama'a suka sauka, talakawa suka raba ɗaki da tukunya da su. Mutumin da ka ce wa ɗan masu karɓar baƙi ne ya fi saurin miƙewa bisa wanda ka kira marowaci.

Na huɗu, a roƙi kowa abin da zai iya, a faɗi sunan abin. A masallacin Madina akwai rumfa da a ke kira Suffa, inda matalautan Muhajirai marasa iyali su ke kwana, Abu Huraira na cikinsu. Ya tabbata Manzon Allah ya kan rarraba su ga sahabbai gwargwadon abincin gidan kowa, har wata rana Sayyidina Abubakar ya tafi da uku, shi kuwa Annabi ya tafi da goma. Dubi yadda aka karya babban nauyi ya zama lomar da kowa zai iya haɗiya.

Kora kuwa ba ta gama zance. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun yi ta kwashe almajirai a motoci zuwa jihohinsu, amma ba a daɗe ba tituna suka sake cika, gama abin da ya fito da su yana nan. Haka ɗaukar hotonsu da waya a watsa a duniya tozarci ne. A zauna da su a tambaye su bukatarsu, domin mai ciwo shi ya san inda ke masa zafi.

Da hunturu ya zagayo, na sake dabara. Ni da mai unguwa muka zaga da dare muka ƙidaya mutum 11, muka san sunan kowa da sana'arsa. Bayan lisha na ce ana bukatar zaure biyu, da ƙofa guda mai kwaɗo, da bandir ɗaya na kwano, da mutum uku masu tsaya wa baƙo shaida wurin mai gidan haya. Kafin Juma'a ta zagayo an samu. Bakwai sun zauna, huɗu sun tashi, amma ba wanda ya sake sandarewa a unguwarmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu malaman allo kuma, sai mun fara da kanmu maganarmu za ta shiga. Kada malami ya karɓi yaron da ba shi da inda zai kwantar, kuma ya gaya wa uban gaskiya ido da ido, cewa bargo da tabarma da abinci suna kansa. Kowane limami ya ƙidaya masu kwana a waje cikin unguwarsa kafin sanyin bana ya sauka, ya kawo lissafin gaban jama'a. Allah Ya sa mu dace, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Haza wasalam.