Manhajar Duba Shafuna Ba Ta Isa Ita Kaɗai Ba

Jama'a sun sani yau neman shiga jami'a, da neman aiki, da neman fasfo duk sun koma intanet. Makaho yana shiga waɗannan shafuna da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, kamar NVDA, wadda waɗansu makafi biyu na Ostiraliya suka yi, ana kuma samunta kyauta. In an gina shafi bisa ƙa'ida, shi da kansa zai cika takardarsa. In ba haka ba, tilas ya nemi ɗan jagora, ya danƙa masa har lambar sirrinsa.

Ƙa'idodin kuwa akwai su, ana kiransu WCAG. Ƙungiyar W3C ta fitar da su a 1999, ta sake sabunta su a 2023. Akwai kuma manhajoji irin su WAVE da Lighthouse masu duba shafi cikin ɗan lokaci, su nuna hoton da ba a rubuta masa bayani ba, da rubutun da launinsa ya saje da na bayansa. A ƙasashe masu tasowa, inda kuɗin ɗaukar gwanaye ya yi ƙaranci, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Kada kuma a zaci aibin namu ne mu kaɗai: a 2024 cibiyar WebAIM ta Amurka ta duba shafuna miliyan ɗaya, ta sami kuskure a kusan 96 cikin 100.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. A 2017 wani ofishin gwamnatin Ingila ya gina shafi, ya cusa masa kurakurai 143 da gangan, ya sa manhajojin nan su nemo. Ba wadda ta gano ko rabi.

Akawunmu za su gane dalili. Mai duba littafi da ya ga an cika kowane gurbi, bai tabbatar lissafin daidai ne ba. Haka manhajar take. Tana ganin an sa wa hoto bayani, amma ko da an rubuta "hoto" kurum ƙarƙashin taswirar Kano, sau da yawa sai ta wuce. Har wa yau, shafi na iya zama da Hausa alhali an yi masa alamar Turanci. Manhaja ta ga alama ta gamsu, makaho kuwa yana jin ana karanta masa Hausa da lafazin Bature, ba ya gane ko kalma guda.

Tun Janairu 2019 Nijeriya ke da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Saboda haka muna roƙon ofisoshi da makarantu su riƙa duba shafunansu da manhajojin nan, tun da ba a biyan ko kwabo. Sa'an nan, kafin a buɗe shafi ga jama'a, a gayyato makaho, a biya shi ladan aikinsa, a ba shi kwamfuta ya cika takardar daga farko har ƙarshe, akawu na gefe yana rubuta duk inda ya tsaya.