Ko Kun Sani?

A tsakiyar hamadar Ostireliya akwai wasu jajayen duwatsu guda 36 da ake kira Kata Tjuta, kuma mafi tsayinsu ya kai mita 546 daga ƙasa, wato ya zarce shahararren dutsen Uluru mai mita 348.

Tsakanin biyu daga cikinsu ne kwazazzabon Walpa ya ratsa. Akwai hanyar ƙafa a cikinsa ta kilomita 2.6 zuwa da dawowa, tafiyar kamar awa guda. Iska ba ta rabuwa da wurin. Wanda ya matsa kusa da bangon zai ga dutsen ba dunƙule guda ba ne, tarin tsakuwa da manyan duwatsu ne da yashi da laka suka liƙe tun fil azal.

Yankin na mutanen Anangu ne, waɗanda gwamnati ta mayar musu da shi a 1985. A wurinsu Kata Tjuta wuri ne mai tsarki da ya shafi al'adun maza, shi ya sa labaransa ba na kunnen baƙo ba ne. Ko hoto ma da ƙa'ida: ana roƙon mai ɗauka ya haɗa ɓangarorin kwazazzabon biyu a hoto ɗaya, kada ya ware guda.