Ruwa Ne Ke Sa Duwatsu Santsi Har Ƙasa Ta Girgiza?

Duk wadda ta taɓa niƙa a kan dutse ta san cewa in ta danne ɗan dutsen da ƙarfi, turawa na ƙara wuya. Haka abin yake a ƙarƙashin ƙasa, inda manyan duwatsu biyu ke manne da juna a bakin tsaga. Ƙarfi ɗaya na danne su, wani na jan su gefe. Ranar da ja ya rinjayi riƙo, sai su zame, ƙasa ta girgiza.

Ana cewa irin dutsen ne ke sa ya zame ko ya tsaya. Akasari jita-jita ce. A 1978 James Byerlee, masani a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, ya ga kusan kowane dutse na zamewa ne idan ja ya kai kashi 60 zuwa 85 cikin 100 na ƙarfin danniya. Yumɓu ne ya fita daban: shi aka tarar a sashen tsagar San Andreas ta Amurka da ke tafiya sannu a hankali ba tare da babbar girgiza ba.

To, batun ruwa fa? Ana cewa yana shiga tsaga ya sa ta santsi kamar an zuba mai. Nan akwai ƙamshin gaskiya, amma an kuskure dalilin, kuma kuskuren na damuna domin yana ɓoye inda haɗarin yake. Duwatsun can ƙasa da ma a jiƙe suke. Abin da ke canzawa matsin ruwan ne: in ya ƙaru, sai ya tallafe wani ɓangare na nauyin da ke danne tsagar, riƙon ya sassauta. An ga haka a Denver, inda sojojin Amurka suka riƙa tura gurɓataccen ruwa cikin rijiya mai zurfin fiye da kilomita 3 daga 1962 zuwa 1966, girgiza ta yi ta biyo baya. A filin man Rangely, duk a jihar Kolorado, masana sun gwada da gangan tun daga 1969: su ƙara matsi girgiza ta yawaita, su zuƙe ruwan ta lafa.

Saboda haka masu cewa hannun mutum ba ya tada girgizar ƙasa ba su da gaskiya. A jihar Oklahoma, inda aka yi ta tura ruwan da ke fitowa daga rijiyoyin mai zuwa cikin ƙasa, girgizar garin Pawnee ta 2016 ta kai ma'aunin 5.8.