Sulhun Turawa a Kan Kogin Helmand: An Yanke Iyaka, Rabon Ruwa Ya Gagara

Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da ke jawo husuma tsakanin ƙasashe maƙwabta, da wuya a sami wanda ya kai iyakar da aka ɗora a kan kogi. Dutse yana nan inda aka same shi, amma kogi yakan cika ya batse, yakan ƙafe, wani lokaci ma yakan bar tsohuwar hanyarsa ya kama sabuwa. Wannan maƙala za ta duba rikicin Kogin Helmand tsakanin Afganistan da ƙasar Farisa, wadda aka fi sani da Iran tun daga 1935, da kuma yadda Turawan Ingila suka yi alƙalanci a kansa har sau biyu, watau a cikin 1872 da kuma tsakanin 1903 da 1905. Za a ga cewa sun yanke iyakar ƙasa ta zauna daram, amma rabon ruwa ya gagare su, har ya zama gadon da ƙasashen biyu suke fama da shi bayan fiye da shekara ɗari.

Kogin da Ƙasar Sistan

Kogin Helmand ya taso ne daga duwatsun da ke yamma da birnin Kabul, ya gangara kudu maso yamma tafiyar kimanin kilomita 1,150, kusan dukkanta a cikin Afganistan. Ba ya kaiwa teku. Yana ƙarewa ne a wani kwari mai faɗi da ake kira Sistan, inda yake rarrabuwa rassa-rassa ya zuba cikin tafkunan Hamun. Wanda ya san yadda Tafkin Chadi yake cika yana janyewa gwargwadon abin da koguna suka kawo masa, zai fahimci halin waɗannan tafkuna. Ruwan saman da ke sauka a Sistan bai kai milimita 100 a shekara ba, saboda haka noman alkama da sha'ir, da kamun kifi, da kiwon shanu a bakin tafki, duk sun dogara ne ga ƙanƙarar da ke narkewa a duwatsun Afganistan. Tushen matsalar ke nan: kan kogin yana hannun Afganistan, mafi yawan gonakin da ke shan ruwansa a ƙarshe kuwa suna ɓangaren Farisa.

Yadda Ingila Ta Shigo Ciki

A cikin ƙarni na 19 Ingila tana mulkin Indiya, kuma babban abin da take tsoro shi ne kada Rasha ta gangaro daga arewa ta iso ƙofar Indiya. Don haka ta ɗauki Afganistan tamkar katanga. Da Farisa ta kama birnin Herat a 1856, sai Ingila ta yaƙe ta, aka ƙare da yarjejeniyar Paris ta 1857. A cikinta Farisa ta yarda cewa duk saɓanin da ya taso tsakaninta da Afganistan za ta kai shi gaban Ingila kafin ta ɗauki makami.

Amma fa Ingila ba ta cika wannan alkawari a kan lokaci ba. Sa'ad da Farisa ta kai ƙara a kan Sistan, sai aka ba ta amsa a 1863 cewa kowa ya kare abinsa da ƙarfinsa. Farisa kuwa ta shiga Sistan ta mamaye mafi yawanta, a daidai lokacin da 'ya'yan sarautar Afganistan suke yaƙin basasa. Da Amir Sher Ali Khan ya kafu a kan gadon mulki ya fara shirin ƙwato ƙasar, sai Ingila ta ga yaƙi zai buɗe wa Rasha ƙofa, ta yarda ta shiga tsakani. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: alƙalin yana da tasa buƙatar a cikin shari'ar tun kafin a zauna.

Hukuncin Goldsmid, 1872

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Janar Frederic Goldsmid. Ya isa Sistan a farkon 1872, amma bai daɗe ba, domin jami'an Farisa sun yi ta kawo masa cikas, bai sami damar auna ƙasar yadda ya kamata ba. A watan Agusta na shekarar ya bayyana hukuncinsa a Tehran. Ya raba Sistan gida biyu. Ɓangaren yamma, wanda ya fi albarka da yawan jama'a, ya ba Farisa. Ɓangaren gabas da gaɓar kogin ta sama ya ba Afganistan. Babban reshen kogin shi ya zama iyaka a cikin kwarin. Game da ruwa kuwa, magana ɗaya tak ya yi, watau kada wani ɓangare ya yi aikin da zai hana isasshen ruwan ban ruwa isa gonakin da ke gaɓar kogin.

Wannan hukunci yana da rauni biyu. Na farko, ba a kafa ginshiƙan iyaka a ƙasa ba, a takarda kawai aka zana ta. Na biyu, ba a faɗi ko nawa ne isasshen ruwa ba, ba a kuma faɗi wanda zai auna shi ba. Sarki Nasiruddin na Farisa da Amir Sher Ali duk sun nuna rashin gamsuwa, amma gwamnatin Ingila ta tabbatar da hukuncin a 1873, suka karɓa ba da son ransu ba.

Kogi Ya Sauya Hanya

A cikin 1896 aka yi babbar ambaliya, kogin ya bar tsohuwar hanyarsa ya karkata yamma. Nan take tambaya ta taso: shin iyaka tana bin ruwa duk inda ya nufa, ko kuwa tana nan a tsohon kwarin da ya bushe? Da farko hakiman wurin sun riƙa daidaitawa a tsakaninsu, domin ruwa yana isar kowa. Amma da fari ya afka a 1902, sai kowane ɓangare ya zargi ɗan'uwansa da tare ruwa, aka sake komawa ga Ingila.

Hukuncin McMahon, 1903 zuwa 1905

Wannan karon Kanar Henry McMahon aka aiko daga Indiya, da ayarin fiye da mutum dubu, har da sojoji da masu safiyo da masanan ban ruwa. Sun shafe fiye da shekara biyu suna auna ƙasa da ruwa, cikin tsananin zafi da sanyi da iskar nan ta Sistan mai kaɗawa kwana 120. A watan Nuwamba na 1903 McMahon ya yanke cewa iyaka ba za ta riƙa bin kogi ba, za ta tsaya kusa da inda Goldsmid ya nufa. Aka kafa ginshiƙai 90, tun daga dutsen Malik Siyah, inda iyakokin Farisa da Afganistan da Indiya ta lokacin suka haɗu. Ƙasashen biyu suka amince, kuma wannan layi shi ne iyakarsu a Sistan har yau.

A watan Afrilu na 1905 ya fitar da hukuncin ruwa. Ya ce a auna kogin a wurin da ake kira Kamal Khan, cikin Afganistan, Farisa ta sami kashi ɗaya cikin uku, Afganistan ta riƙe kashi biyu. Ya ƙara da cewa a ajiye Baturen Ingila masanin ban ruwa a Sistan don sa ido, kuma Farisa ba ta da ikon miƙa haƙƙinta na ruwa ga wata ƙasa sai da yardar Afganistan. Kowa ya san Rasha ake nufi da wannan sharaɗi. Farisa ta ƙi hukuncin, tana mai cewa gonakinta sun fi yawa, kuma abin da manomanta suka saba sha ya fi sulusi. Bayan shekara biyu, a 1907, Ingila da Rasha suka raba Farisa yankunan tasiri, Sistan ta faɗa rabon Ingila. Wannan ya ƙara wa Farisawa zargin cewa alƙalin nasu ba don Allah ya yi shari'ar ba.

Abin da Ya Biyo Baya

Tun daga nan ake ta ɗinki yana warwarewa. A 1939 gwamnatocin Reza Shah da Zahir Shah suka shirya raba ruwan daidai wa daida daga Kamal Khan, amma Afganistan ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba. A 1951 wani kwamitin masana uku daga Amurka da Kanada da Chile ya ba da shawarar a ba Iran matsakaicin lita 22,000 a kowane sakan, Iran ta ce ya yi kaɗan. A 1953 aka kammala madatsar ruwa ta Kajaki da taimakon Amurka, Afganistan ta sami ikon riƙe ruwa a sama, abin da babu shi a zamanin Goldsmid.

Sai a watan Maris na 1973 firayim ministocin ƙasashen biyu, Musa Shafiq da Amir Abbas Hoveyda, suka sa hannu a kan yarjejeniya. Aka ba Iran lita 22,000 a sakan, aka ƙara mata 4,000 don zumunci, watau kimanin lita biliyan 820 a shekarar da ruwa ya zo daidai. In ya gaza, rabonta ya ragu gwargwadon abin da ma'aunin Dehrawud ya nuna. Bayan wata huɗu aka hamɓarar da sarautar Afganistan. Juyin mulkin 1978, da juyin juya halin Iran da shigowar sojojin Tarayyar Sobiyat a 1979, suka hana a kafa hanyoyin awon da kowa zai gaskata. Farin da ya fara wajen 1998 ya busar da tafkunan Hamun, dubban manoma da masunta suka yi ƙaura. A 2021 Afganistan ta buɗe sabuwar madatsa a Kamal Khan, wurin da McMahon ya zaɓa don awo. A watan Mayu na 2023 kuwa, ana tsakiyar cacar baki a kan ruwa, masu tsaron iyakar ƙasashen biyu suka yi musayar wuta har aka rasa rayuka.

Kammalawa

Dalilin da ya sa hukuncin iyaka ya zauna, na ruwa ya rushe, a fili yake. Iyaka sau ɗaya ake yanke ta, a kafa ginshiƙi, kowa ya gan shi da idonsa. Ruwa kuwa kowace shekara sai an sake raba shi, kuma rabon yana bukatar ma'aunin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, da amana tsakanin na sama da na ƙasa. Goldsmid bai faɗi adadi ba. McMahon ya faɗi adadi amma bai sami yardar mai shan ruwan ba, domin hankalin gwamnatinsa yana kan tsaron Indiya fiye da gonakin Sistan. Yarjejeniyar 1973, wadda ƙasashen biyu suka ƙulla da kansu, ita ce har yanzu kowannensu yake kafa hujja da ita, ko da yake suna saɓani a kan yawan ruwan da ke isa iyaka. Manomin Zabol a Iran da na Zaranj a Afganistan kogi ɗaya suke jira, kuma muddin ba a auna shi a gaban idon su biyun ba, kowace shekarar fari za ta sake tayar da ƙarar da aka shigar tun 1872.