Spa: Garin Da Ruwan Tsatsa Ya Ɗaukaka

Duk wanda ya taɓa ganin kalmar "spa" a allon wani otal a Abuja ko Kano, sunan wani ƙaramin gari da ke gabashin Beljiyam ya karanta. Mazaunansa dubu 10 ne da 'yan kai. Yana kwance cikin kwari a lardin Liège, tuddan Ardennes masu duhun daji sun yi masa zobe, rafin Wayai kuma ya ratsa ta cikinsa.

Arzikin garin daga tudu yake gangarowa. Can sama, kudu da gari, akwai fadamar Malchamps mai tsotse ruwan sama kamar soso. Ruwan yakan nutse sannu a hankali, ya bi ta cikin duwatsu, ya kwaso sinadarin ƙarfe da iskar gas, sannan ya ɓullo a idanun ruwan da mutanen wurin ke kira "pouhon". Sanyi gare shi, yana ɗan kumfa, a baki kuwa sai ka ce ka tsotsi ƙusa. Kwamin da yake zuba a ciki ya yi jawur saboda tsatsa. Wannan ƙarfen ne ya sa a zamanin baya likitoci suke tura masu ƙarancin jini su je su sha.

A 1717 Sarkin Rasha, Peter Mai Girma, ya zo neman lafiya, ya yi makonni yana shan ruwan. Har yau babban idon ruwan tsakiyar gari sunansa yake amsawa. Ganin haka sai sarakuna da attajiran Turai suka yi ta tururuwa, kuma ba duka ne ciwo ya kawo su ba: gidan cacar da aka kafa a 1763 ya ja mutane kamar yadda ruwan ya ja. Gobarar 1807 ta cinye babban sashe na garin, aka sake gina shi, aka buɗe katafaren gidan wanka a 1868.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ma ya leƙo. A 1918 rundunar Jamus ta mai da otal ɗin Britannique hedikwatarta, kuma daga Spa ne Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya hau jirgin ƙasa ya tsere zuwa Holan ranar 10 ga Nuwamba, mulki ya suɓuce masa.

Abin da ya fi cancantar yabo dai shi ne yadda mutanen garin suka gane da wuri cewa in daji ya lalace, ruwa ya tafi. Tun 1889 aka shata yankin kariya kewaye da idanun ruwan, aka kuma yi ta faɗaɗa shi daga baya. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Spa cikin wuraren tarihi na duniya, tare da wasu garuruwan ruwan magani 10 na Turai.